Mun biya tike, to ina lissafin?

Innata, ƙanwar mahaifiyata, tana saida kayan miya a bakin wata 'yar kasuwar unguwa nan cikin Damagaram, tattasai da albasa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, tire biyu ne duka jarin nata. Kullum da hantsi mai tike zai zo da ɗan littafinshi ya yago mata ɗaya ta miƙa mishi dala 10, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba, kuma ban taɓa jin ta yi gardama da shi ba, har gaisawa suke tana tambayar shi ya mai jiki don matarshi ta daɗe tana fama. Abin da ya ba ni mamaki ba ta yar da tiken. Akwai wani tsohon gwangwanin madara da take tura su ciki, in ya cika ta juye a leda ta kai gida. Ran nan na biya in gaishe ta sai ta ɗauko gwangwanin ta girgiza mini shi ta ce, "Kai ɗan nan, kai da ka yi lakwal, wai kuɗin nan da muke ba su kullum ina suke zuwa?" Na gyara zama zan yi mata bayani irin namu na 'yan boko sai na ga ni ma ban sani ba. Na ce meri suke zuwa Inna, wato ofishin magajin gari. Ta ce ai na san meri, to in sun shiga merin fa? Shiru na yi ina sosa ƙeya.

A hanyar gida na yi ta lissafi a kaina. Dala 10 kullum, in ta fito kwana 300 a shekara, jika 15 ke nan daga hannun tsohuwa ɗaya mai tire biyu. To sai ka tuna masu tebur nawa ne a garin nan, masu rumfa nawa, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita, masu shago da ke biyan patanti, mahauta, masu amalanke, kuɗin da ake karɓa kan kowace dabba a kasuwar dabbobi, kuɗin tasha, kuɗin tambur in ka je neman takarda, lampon da ake bi ta hannun masu unguwa, ga kuma babban, kuɗin filaye. Garin da tun ƙidayar 2012 ya wuce mutum dubu 300. Ba na cewa kuɗin sun isa a mai da Zinder Dubai, ban ma ce wani ya ci ba don ba ni da shaida kuma ina tsoron Allah. Abin da nake cewa ɗaya ne, wanda ya ba da kuɗinshi yana da haƙƙin ya ji nawa aka tara kuma me aka yi da su, da harshen da yake ji, ba sai ya san wani ba, ba sai ya roƙa ba.

Kuma wannan magana ba ta wani mutum ko wani zamani ba ce, kar wani ya zo ya ce siyasa nake. Mun ga kowane iri. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka ce mana yanzu mulki ya sauko kusa da talaka, kowace unguwa za ta samu konseye da zai ɗauki kukanta ya kai gaba. A 2010 aka mai da garin birni mai hukuma ta tsakiya da ƙananan hukumomi 5 a ƙarƙashinta. An sake zaɓe a 2011, sannan wa'adinsu ya ƙare aka yi ta ƙara musu lokaci har sai 13 ga Disamba 2020 aka sake wani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun duka aka naɗa wakilan riƙo, waɗanda muke cewa AD. Zaɓaɓɓu sun zo sun wuce, naɗaɗɗu sun zo, amma gwangwanin Inna bai san an canza komai ba, tike ɗaya ne, dala 10 ce, kuma tambayarta na nan inda take.

Zan faɗi gaskiya, lokacin da aka rusa majalisun nan mutane da yawa a fadarmu, inda muke zaman shayi da hira, tafi suka yi, ni ma ban yi kuka ba. Konseyen unguwarmu, Allah ya ba shi lafiya, tun ranar da ya zo ya raba mana shayi da sikari lokacin kamfe ban sake ganin shi a layinmu ba sai ranar wani zanen suna. Amma da aka kwana biyu sai na gane wani abu, da can ko banza akwai ƙofar da za ka je ka buga, ka san gidanshi, ka san surukanshi, in ka tare shi a masallaci dole ya tsaya ya yi maka ƙarya ko da ta minti biyu ce, don ya san wata rana zai dawo neman ƙuri'a. Yanzu wanda ke riƙe da garin daga sama aka turo shi kuma can zai kai rahoto. Yana iya zama mutumin kirki mai aiki tuƙuru, akwai su, an ga inda aka kwashe sharar da ta shekara a jibge. Sai dai tunda ba majalisar da za ta zauna ta yi mishi tambaya kan kasafin kuɗi, nauyin ya bayyana wa jama'a da bakinshi ya ninka, ba raguwa ya yi ba.

Bari in zo kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ruwa. Duk ɗan Damagaram da bido ya buɗe ido. Garin a kan dutse yake zaune, in ka haƙa ƙasa ba ka nisa ka ci karo da shi, shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, Gogo da Machaya, sai Arunguza, sai Ganaram. Tun a lakwal aka koya mana cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Turawa suka kafa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da Yamai a 1926. Shekara kusan ɗari ke nan muna ba da labari ɗaya. In watan Maris ya kama zuwa Mayu, a layinmu sai ƙarfe 2 ko 3 na dare pampo ke fara tari, ya yi ta hura iska kamar mai asma kafin ya ɗigo, matata ta sa salula ta tashe ta, ta tada yara a jera bido da bokiti da tukwane har da butar alwala, da safe yaran su tafi lakwal suna gyangyaɗi. Ranar da bai zo ba sai 'yan garuwa, kuma a bazarar da ta wuce ni da hannuna na sayi bido ɗaya dala 30, gida mai mutum tara, lissafa ka gani. Na sani, kafin wani ya gyara mini, ruwan birni ba a hannun meri yake ba, na kamfanin ruwa ne da gwamnatin ƙasa. Amma wa ke yanka filaye ya saida wa mutane a bayan gari inda ko bututu ɗaya bai kai ba? Wa ya kamata ya san pampon unguwa nawa ne suka mutu, ya fito ya ce ga jadawalin rabon ruwa, unguwa kaza Litinin, unguwa kaza Talata, don mace ta san daren da za ta yi barci? Wa ya kamata ya zama bakinmu a gaban waɗancan manyan? In hukumar gari ba ta iya kawo ruwa ba ai tana iya kawo labari.

Da damina kuma sai abin ya juye, ruwan da muke nema da kuka shi zai zo ya kore mu daga ɗaki. Kanibon da ke bakin titinmu, wato magudanar ruwa, ban san yaushe rabon da a yashe shi ba, ya cika da yashi da baƙar leda har ciyawa ta fito a kai awaki na kiwo, baƙo ba zai ma san akwai rami a wurin ba. Ruwa in ya sauko daga kan duwatsu ba ya tambayar hanya, tafkunan da kakanninmu suka bari don su tare shi an cike wasu da shara an yi gini a bakin wasu, sai ya bi gidajen mutane. Daminar 2024 ba wanda zai manta da ita, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube muna kallo a salula, kowa na salati. Wannan ikon Allah ne, ruwan shekarar ya fi ƙarfin kowa. Amma a layinmu katanga huɗu suka faɗi, kuma wallahi biyu daga ciki ba yawan ruwa ya kada su ba, rashin hanyar wucewarshi ne. Maƙwabcina tela ne, keken ɗinkinshi da atamfofin mutane na Mauludi duka a cikin laka muka tono su. Washegari aka zo da mota aka ɗauki hoto aka rubuta sunaye. Yashe kanibo a watan Mayu kafin hadari ya fara haɗuwa, da shebur da baro da matasan unguwa ana ba su ɗan na goro, nawa zai ci in aka gwada shi da buhunan shinkafa da tabarmin da ake rabawa bayan an yi asara? Ni ban ga kasafin ba balle in ce an ware ko ba a ware ba, kuma matsalar ke nan.

Kun tuna Zinder Sabuwa, bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018 da aka yi a nan. An yi kwalta, an sa fitilu, an gyara shataletale, an yi gine-gine, garin ya yi kyau ba ƙarya, ni kaina na ɗauki hoto na tura wa 'yan uwa a Kano ina musu kuri. Wancan kuɗin gwamnatin ƙasa ne. Amma bayan baƙi sun watse, canza ƙwan fitilar da ya mutu da share yashin da ke cinye bakin kwalta da toshe ɗan rami tun bai zama rijiya ba, wannan aikin gida ne, kuma a nan ake gane ko akwai mai kula. Mu dai mun iya biki. Kwalliya muna so, amma in aka tara matan layinmu aka ce ga miliyan kaza, shataletale kuke so ko kanibo, ko minti ɗaya ba za a yi ana shawara ba. Ba a dai taɓa tara su ba ne.

Maganar filaye kuwa ko a fada sai an rage murya ake yin ta. Kowa ya san saida parsel na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙananan hukumomi a ƙasar nan, shi ya sa gari ke ta miƙewa yana cin gonaki. A taswira za ka ga an bar wuri an ce nan lakwal, nan likita, nan kasuwa, nan filin wasan yara. Ka dawo bayan shekara biyar ka ga katanga da get. Wani abokina ya tara kuɗin kabu-kabu na shekara huɗu ya sayi fili, da ya tashi zuba yashi sai ga wani da takarda irin tashi sak, lamba ɗaya, hatimi ɗaya, har yau suna jeka-ka-dawo. Da ana manna jerin filayen da aka yanka da waɗanda aka keɓe don jama'a a inda kowa zai gani, da rabin wannan rigima ba ta taso ba, don unguwa da kanta za ta yi gadin filin lakwal ɗinta.

Tambayar Inna ta hana ni sakat, sai na ce bari in gwada. Na sa riga mai kyau na je wani ofishi, ba zan faɗi wanne ba, na yi sallama na ce ranka ya daɗe ni ɗan gari ne, ina son in ga kasafin kuɗin bana. Mutumin ya sauke tabarau ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga wace ƙungiya?" Na ce ba ƙungiya, ni kaɗai ne. Ya ce ɗan jarida ne? Na ce a'a. Ya ce to me za ka yi da shi? Na ce gani kawai zan yi. Ya yi 'yar dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin ta wanda aka tambaye shi abin da ba a taɓa tambayar shi ba, ya ce in rubuto takardar buƙata in manna tambur in kawo, kuma mai sa hannun ya yi tafiya. Na rubuta na kai. Na koma sau biyu. A na biyun wani saurayi da ke zaune a bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce mushe ka bar wahalar da kanka, ko an ba ka ba za ka gane ba, shafi ne rututu da Faransanci da lambobi. Ina jin shi da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa maganar ta fi ƙona mini rai fiye da hanawar, don ma'anarta takardar da ta fi kowace shafar rayuwarmu an rubuta ta ne ta yadda mu ba za mu gane ba, kuma kowa ya ɗauki hakan daidai ne.

Alhali dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ba ta ce a ɓoye ba. Dokar ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, kuma ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga a zuba su a ayyukan raya gari, ba albashi da mai da takardun ofis ba. Mu nawa muka san da wannan? Ni sai da na girma na yi gemu na ji.

Don kar in yi zalunci na je na samu wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin meri shekaru har ya yi ritaya, na zayyana mishi duka. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Yaro, kun iya magana. Ka san mutum nawa ke biyan lampo a layin nan?" Na ce a'a Baba. Ya ce to je ka tambayi mai unguwa ka sha mamaki. Ya ce a takarda za a rubuta ana sa ran tara kaza, shekara ta ƙare ko kusa ba a je ba, ɗan abin da ya shigo albashin ma'aikata da kuɗin wuta da man mota sun lashe, wani lokaci ma'aikatan kansu sai su yi watanni suna bin bashi. Ya ce a 2016 gwamnati ta sa hannu ta ce ta miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, to an miƙo aikin, kuɗin aikin fa? Akwai hukumar ANFICT da aka kafa don tallafa musu, amma abin da ke zuwa ba ya rufe ko kusurwa ɗaya ta buƙata, kuma harajin da ma'aikatar kuɗi ke karɓa a madadin gari sai an yi ta bi kafin ya dawo. Ya ce motar kwasar shara in ta lalace sai ta shekara a kan duwatsu don kuɗin gyara. Sannan ya nuna mini bakin kanibo da sandarshi ya ce, wancan tulin wa ya zuba, meri ce ta zo da dare ta zuba?

Nan kam ya kama ni. Mu ne. Yaranmu muke ba bokitin shara da asuba mu ce su je su juye, mun san sarai inda suke juyewa. Mu ne in an ga hadari ya haɗu ake rige-rigen fito da shara a zuba a hanyar ruwa wai ya tafi da ita, ya tafi da ita ina, gidan na ƙasa da kai. Tun 2014 akwai dokar hana leda a ƙasar nan, amma ko ƙosan dala 5 ka saya sai ka ce a ƙara maka leda. Mai shago in ya hango masu patanti sai ya ja ƙofa ya koma masallaci. Mai ɗan hali kuma ya ci rabin titi da dakalinshi ya ce ai ƙofar gidanshi ce. Duk wannan gaskiya ne kuma ban ji daɗin jin ta ba.

Amma na ce mishi Baba, duk abin da ka faɗa mini yanzu, me ya hana a faɗa wa gari? In asusun ba komai a fito a ce ba komai, ga abin da muka sa ran samu, ga abin da ya shigo, ga bashin da gwamnati ba ta biya mu ba, ga unguwar da ta biya lampo ga wadda ta ƙi. Ai da an yi haka da mu za mu taya su kuka, har mu ji kunya mu biya. Mutum ba ya ƙin ba da kuɗi don rowa kawai, yana ƙi ne in ya ga kamar rijiya yake jefawa ba ya jin ko ƙarar faɗuwa. Ku duba masallatan unguwa mana, ran Juma'a bayan salla a tashi a ce an tara jika kaza, an sayi siminti buhu kaza, saura kaza, kuma sati mai zuwa mutane su ƙara bayarwa. Ku duba adashin mata, ba mai digiri a cikinsu amma dala ɗaya ba ta ɓata. A layinmu da taransifoma ta ƙone kwana biyu aka yi aka haɗa kuɗin da aka ce mu kawo, don kowa ya san abin da za a yi da su kuma ya san wanda ya riƙe. Mutanen nan dai su ne ake cewa ba sa son biyan haraji. Ko asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoba 2023, ai muna gani a tele ana karanto wane ya kawo kaza, ƙungiya kaza ta kawo kaza, jimla ta kai kaza. In ana iya yi a Yamai don ƙasa baki ɗaya, me zai hana a yi a nan don kuɗin kasuwar Dole da na tasha? Dattijon ya yi murmushi ya ce wanda ya saba cin tuwo a duhu ba ya son a kunna fitila, ko da kuwa tuwon nashi ne. Ban tambaye shi da wa yake ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar tallafin Turawa ko taron bita a otal. Duk wata uku a samu allo, irin na lakwal ma ya isa, a kafa a ƙofar kowace meri da bakin manyan kasuwanni da ƙofar masu unguwa, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, abin da ya shigo daga kasuwa kaza, daga tasha kaza, daga filaye kaza, abin da ya fita albashi kaza, shara kaza, gyaran aji kaza a lakwal kaza, da sunan ɗan kwangilar da aka ba. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kanshi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to a fara da nan mana, kasafin kuɗin gari ya fi kowace takarda cancantar a fassara shi. Sannan shugaban gari ya shiga rediyo, Anfani ko wata, awa ɗaya, a buɗe layi. Garin nan da ko akuya ta ɓata sai an kai cigiya rediyo, mutanen da ke kwana da akwati a kunne, ba za a rasa masu saurare ba. Za a zage shi, eh, wani zai kira ya yi ta surutu ba kan gado, amma zagin da aka yi maka a rediyo kana amsawa ya fi wanda ake yi maka a fada ba ka nan. Kuma kafin a rubuta kasafin shekara a zagaya ƙananan hukumomin nan 5, a zauna da masu unguwa da limamai da mata da 'yan fada, a ce kuɗin ba su da yawa, abu biyu kawai za mu iya, ku zaɓa. Mutanen Garin Malam sun san abin da ke damun su, na Kara-Kara sun san nasu, ba lalle ya zama irin na Zango ko na Sabon Gari ba.

Kuma matasan fada da ake ta cewa ba su da aiki sai shayi, ai a garin nan fada ta yi suna tun shekarun 1990, kuma da yawansu da aikin gayya aka san su, share maƙabarta, yashe kwata, gadin unguwa da dare. Har yanzu in aka kira za su fito. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne su tara shara tuli guda da safe, a ce mota na zuwa, motar ba ta zo ba, iska da awaki su mai da ita inda ta fito. Sau biyu aka yi mana haka, na uku da aka yi shela mutum shida suka fito, ni ma ina daga cikin waɗanda suka ce suna da uzuri.

Jiya na sake biyawa ta wurin Inna. Ruwan wanke-wanken wani gida ya kwanto har gindin tirenta, ta sa bulo biyu ta ɗaga shi, ƙudaje na ta bin tumatirin maƙwabciyarta. Ta ce ɗan nan ka samo mini amsar? Na ce ina kai Inna, na kai takarda an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Muna cikin haka sai ga mai tike, ya gaishe ta ta amsa, ta kwance bakin zane ta ƙirgo dala 10 ta ba shi, ta tambaye shi mai jiki ya ce da sauƙi. Gwangwanin ya cika har tiken ba ya shiga, sai da ta danna shi da babban yatsa, sannan ta ce in na tashi tafiya in biya ta wurin mai shayi in roƙo mata wani gwangwanin.